Marasa Lafiya Suna Magarya, Alƙalami Yana Yamai

Damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai, sai ɗan ƙanwata da ke karatun likitanci ya zo gida hutu. Bayan sallar lisha ya same ni a ƙofar gida, ya gaishe ni, ya zauna a bakin tabarma yana ta jujjuya wayarsa. Na gane da magana a bakinsa, na ƙyale shi har ya gama nuƙu-nuƙunsa. Can ya ce, "Kawu, shawara na zo nema. Ina da wata biyu a hannuna. Ko in yi su a likitar Magarya, ko in koma birni in maƙale wa wani babban malaminmu. A Magarya zan koyi aiki, wannan ba na tantama. Amma wa zai gan ni?"

A wajenmu, likita shi ne mutumin, likita kuma ita ce gidan. Wanda ya ce ya tafi likita, asibiti yake nufi. Ni ba likita ba ne, don haka ban ba shi amsa a daren ba. Amma tambayar ta ƙi barina, domin yaron ya taɓo abin da manya ba su cika faɗa a fili ba. Zaman da ɗalibi yake yi a asibiti, wanda ƴan makaranta suke ce wa estaj, buhu ɗaya ne mai kaya biyu. Akwai koyo: ya saka farar riga, ya bi manya gado-gado, ya kwana gadi, hannunsa ya san abin da kansa ya haddace. Akwai kuma nuna fuska: wani mai faɗa a ji ya ga aikinsa, ya riƙe sunansa, ranar da ake neman wanda za a ja a jiki ya tuna da shi. Inda kayan biyu suke wuri guda, ɗalibi ya huta. A wajenmu ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma.

Ƙasar da wannan al'amari ya fito ƙuru-ƙuru, har aka yi masa tsari da farashi, ita ce Amurka. A can makarantun likita iri biyu ne: masu ba da digirin MD, da masu ba da DO, wato likitancin ostiyofati. Wani likita mai suna Andrew Taylor Still ne ya assasa na biyun a 1874, ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville na jihar Misuri a 1892. Shi a ganinsa yawancin ciwo daga gocewar ƙashi da gaɓoɓi yake, in aka daidaita su da hannu jiki zai warkar da kansa. Bahaushe zai ce ai wannan maɗori ne. Da can akwai ɗan kama, amma yau mai digirin DO cikakken likita ne, yana rubuta magani yana fiɗa a duk jihohin ƙasar, kuma wajen ɗalibi ɗaya cikin huɗu na masu karatun likitanci a Amurka a irin waɗannan makarantu yake.

Sai dai tsohon tabo bai gama gogewa ba. Da yawa daga cikin makarantun DO ba su da katafaren asibitin koyarwa na ƙashin kansu. Ɗalibansu a ƙananan asibitocin gari suke warwatse, inda ake koyon aiki sosai amma ba a jin sunan kowa. A da suna da nasu layin na horon ƙwarewa. Daga 2015 zuwa 2020 aka haɗe layin biyu ya zama ɗaya, kowa ya shiga rabo guda, wanda aka faro tun 1952: ɗalibi ya jera asibitocin da yake so, asibiti ya jera ɗaliban da yake so, kwamfuta ta haɗa su, a watan Maris kowa ya ji makomarsa. To yaron da ya fito daga makarantar da ba ta da suna, yana son gurbi a asibitin babbar jami'a, me zai yi? A shekararsa ta huɗu sai ya nemi a karɓe shi baƙo na mako huɗu. Kuɗin mota nasa, kuɗin haya nasa, kuɗin cika takarda nasa, ba a biyansa ko sisi. Su da kansu suna kwatanta wannan zama da gwajin da ake yi wa ɗan wasa kafin a ba shi matsayi a fim. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, duk don ya samu wasiƙar yabo daga hannun wanda ake jin maganarsa, a kuma kira shi ganawa. Da yawansu har jarrabawa biyu suke ɗauka, tasu da ta ƴan MD, don kada a ce ba a san ma'aunin tasu ba. A 2022 aka daina ba da maki a matakin farko na jarrabawoyin biyu, sai dai a ce ka ci ko ka faɗi. Da maki ya ɓace, abin da ya rage wa wanda ba a sani ba shi ne ya kai kansa. Zuwa da kai, in ji Hausawa, ya fi aike.

Abin lura a labarin Amurka shi ne alƙiblar tafiyar. Kullum daga ƙaramin wuri ake tashi a nufi babba. Ba a jin ɗalibin da ya ci bashi don ya je ya nuna kansa a asibitin ƙauye.

A Nijar tsanin daban ne, amma alƙiblar ɗaya ce. Zamanin mulkin Faransa, wanda zai yi likitanci sai ya je Dakar, inda aka buɗe makarantar likita a 1918. Sai a 1974 aka fara koyar da likitanci a Yamai, a jami'ar da daga baya aka saka wa sunan Abdu Mumuni. Shekara da shekaru nan ne kaɗai: ɗan Dungas, ɗan Diffa, ɗan Agadas, kowa sai ya kwashi jiki ya tafi bakin kogin Kwara. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa, daga baya Damagaram da Maraɗi suka samu tsangayar kiwon lafiya. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Yaron Bande ko Waca yanzu zai iya karatu a jami'ar André Salifou, ya yi estaj a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, ranar hutu ya hau mota ya ci tuwon dare a gida, don tsakanin Magarya da Damagaram tafiyar kilomita casa'in ce ko kusa da haka.

Amma digirin farko, wanda ba ya kasa shekara bakwai tare da kundin bincike a ƙarshe, ƙofar zaure ce kawai. Mai son zama ƙwararre, a ce likitan yara ko na mata ko mai fiɗa, sai ya ƙara shekara huɗu ko biyar yana neman takardar da ake kira DES. Wasu fannonin ana yin su a Yamai, wasu sai an fita: Dakar, Abijan, Kwatano, Wagadugu, Maroko, ko Faransa. Wanda kuma yake hangen kujerar koyarwa, tafiyarsa ba ta ƙare ba. Zai zama mataimaki, ya yi ta rubuce-rubucen bincike, har ya tsaya gaban alƙalan CAMES, majalisar da ƙasashen Afirka masu Faransanci suka kafa a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, wadda take shirya gasar zama farfesan likitanci duk bayan shekara biyu. A kowane mataki na wannan tsani akwai hannun mutum guda: malamin da ɗalibai suke ce wa Metir. Shi zai ba ka taken kundinka. Shi zai saka sunanka cikin marubutan wata maƙala. Shi zai ɗaga waya ya ce wa takwaransa na Dakar, "Ga yarona nan zuwa." Ba zargin kowa nake yi ba, akwai jarrabawar gasa da ake ce wa konkur, ana rubutawa ana ci ana faɗuwa, kuma sana'ar da ake koyo da hannu dole ta bi ta kan maigida da yaronsa, ko ƙira ce ko jima. Amma maigida wanda yake gani yake sani. Kuma mafi yawan iyayen gidan suna Yamai, kusan kilomita dubu daga Magarya, sauran kaɗan suna Damagaram da Maraɗi.

Yanzu bari mu dubi abin da yaron zai bari in ya zaɓi birni.

Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 570 a gundumar Magarya, sama da dubu 350 a ta Dungas, wadda aka ɓalle daga Magarya aka mayar da ita gunduma a 2011. Kusan miliyan guda ke nan a wancan lokaci, a ɗan zirin ƙasa da ke jingine da Jigawa da Katsina, inda ƙauye ke kallon ƙauye, gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, haihuwa kuma tana da yawa. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, take aiki da ma'aikatar lafiya a sashen yara na asibitin Magarya, ta kuma taɓa buɗe wani sashen a Dungas don rage cunkoso lokacin damina. A 2006 gwamnati ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. A 2013 aka fara raba maganin riga-kafin zazzaɓin damina gida-gida, wata-wata, ga yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, Magarya na cikin wuraren farko. Duk da haka, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro ya yi sama, tamowa da zazzaɓin cizon sauro suna haɗuwa a jikin yaro guda. A watan Satumba na 2018 MSF ta sanar cewa yara 730 ne kwance a sashen, 208 daga cikinsu rai a hannun Allah, kuma a watan da ya gabata ana rasa kimanin yara goma kowace rana. Asibitin gunduma ke nan, ba na babban birni ba.

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro a irin wannan wuri ya san hoton. Tsakar dare ɗan kabu-kabu zai tsaya a bakin ƙofa, mace ta sauko da goyo, zanenta ya jiƙe da ruwan sama. Yaron bai cika shekara biyu ba, kwana uku yana zazzaɓi, tun la'asar yake taune-taune. Ma'aikacin jinya ba ya jiran dogon bayani. Zai buɗe tafin hannun yaron, ya ja fatar ƙasan idonsa: fari fat, jini ya ƙare. Zai zagaya ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtsensa. In ya tsaya a ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Zai danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa ya ƙirga uku, ya ɗaga ya ga ko rami ya zauna. Ɗigon jini ɗaya don gwajin zazzaɓi, ɗaya don auna sukari, domin yaron da ya suma sau da yawa sukarinsa ne ya faɗi. Sannan a shiga neman jijiya a hannun da bai fi kaurin kara ba. Ɗalibin da ya zo da farar rigarsa sabuwa zai soka sau uku ya kasa, gumi ya karyo masa. Tsohuwar ma'aikaciya ta karɓi allurar ba tare da ta ce masa uffan ba, ta samu jijiyar a fatar kai.

A nan ne kuma zai koyi abin da ya saɓa wa tunanin farko. Zuciya tana cewa yaron da ya rame haka a ɗura masa ruwa, a cika shi da abinci. Yin haka kisa ne: zuciyar mai tamowa ba ta ɗaukar ruwa mai yawa ta jijiya. Madarar F-75 ake ba shi, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, ta ɗan bututun hanci in ba ya iya haɗiya. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ma sai ya fara murmurewa. Duk wannan yana cikin littafi, shafi biyu ne. Amma tsakanin wanda ya karanta shafi biyun da wanda ya tsaya a kan yara ɗari a wata guda akwai rata mai nisa.

Ɗan yankin yana da wata riba da ba a rubuta ta a takardar sakamako. Yana jin maganar uwa har ƙasanta. In ta ce haƙori ne, ya san zawo take nufi, wanda aka daɗe ana haƙuri da shi don an ɗauka na fitar haƙori ne. In ya ga yaro ya ƙi nono bakinsa da jini-jini, zai sassauta murya ya ce, "Inna, an kai shi wajen wanzami ne?" domin ya san ana cire belu, kuma ya san in ya ɗaga murya ba za ta faɗa ba, gobe ma ba za ta dawo ba. Wanda ya taso a unguwar manya a Yamai, ko baƙon da ya zo daga Turai da tafinta a gefensa, sai ya shekara bai kai nan ba.

To duk wannan, wa zai gani? Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, zai gani, ma'aikatan jinya za su gani, babban likitan gunduma zai gani in aikin ofis da taro sun bar shi. Za su ce yaron nan yana da hannu. Amma maganarsu ba ta zama komai a teburin da ake zaɓen masu DES. Takardar da za a ba shi a ƙarshe layi uku ce da hatimi: wane ya yi estaj daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Abokinsa da ya zauna a birni yana riƙe wa Metir jaka, yana rubuta masa bayanan marasa lafiya, mai yiwuwa bai soka allura ashirin ba, amma ya fito da taken kundi da alƙawarin maƙala. In muka ce yaron da ya zaɓi birni ba shi da kishi, mun zalunce shi. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Abin da ya fi ba ni haushi a lamarin shi ne, ko da ma'aunin jami'a aka auna, gunduma ba fanko ba ce. Tsanin CAMES da maƙaloli ake hawansa, maƙala kuma da marasa lafiya ake rubuta ta. A gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi aka gwada wani riga-kafin zawon yara mai jure zafi, wanda wani kamfanin Indiya ya haɗa, a kan dubban jarirai. Sakamakon ya fito a 2017 a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, can Amurka. Ƙauyukan Hausa ne, iyaye mata Hausawa ne, masu bi gida-gida ƴan ƙasa ne. Abin da aka yi a Madarunfa babu abin da zai hana a yi irinsa a Sasumburum ko Dogo-Dogo ko Malawa. Rajistocin asibitin Magarya kaɗai sun isa su ciyar da kundin ɗalibai masu yawa: yaushe yara suke isowa, daga wace tazara, nawa ke buƙatar jini, nawa ke dawowa bayan sallama. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Akwai wata hanya da taswira take nunawa amma takarda take toshewa. Daga Magarya, Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Mai mota zai karya kumallo a gida ya yi azahar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Marasa lafiya sun daɗe da sanin haka. Suna bi ta Babban Mutum, mutanen Dungas suna bi ta Maigatari, kamar yadda iyaye mata daga ƙauyukan Jigawa da Katsina suke tsallakowa da ƴaƴansu Magarya. Ciwo ba ya nuna fasfo. Ɗalibi kuwa sai ya nuna: karatunsa da Faransanci, nasu da Ingilishi, tsaninsa DES da CAMES, nasu shekarar gwaji a asibiti, bautar ƙasa, sannan jarrabawar kwalejojin ƙwararru na Najeriya da na Afirka ta Yamma. Hukumar lafiya ta ECOWAS ta yi shekaru tana ƙoƙarin daidaita manhajojin ɓangarorin biyu. Sai ga iyaka an rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, a Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Likitan Kano da na Damagaram da Hausa suke yi wa mara lafiya tambaya iri ɗaya, amma kowannensu ya fi sanin abin da ake ciki a Landan ko Faris fiye da abin da maƙwabcinsa yake yi.

Najeriya tana da abin koyi guda a nan. Tun 1963 jami'ar Ibadan take kai ɗalibanta garin Igbo-Ora su zauna su yi aiki, jami'ar Ahmadu Bello kuma a da ta daɗe tana kai nata Malumfashi. Abin da ya ba wannan zama nauyi shi ne yana cikin manhaja, kowa sai ya je, malamai suna bin su, kuma ana ba da maki. Ba a bar shi ga yaro da kawunsa su yanke a bakin tabarma ba.

Kada kuma in zuzuta gunduma fiye da kima. Ƴaƴan talakawan Dungas ba allon koyon rubutu ba ne. Ɗalibin da aka saki cikin ɗaki mai yara sittin ba mai duba shi, a lokacin da kowa yake gudu, ko dai ya zama kaya a wuyan ma'aikata ko ya yi ɓarna, ya kuma tafi da mugun sabo yana tsammanin gwaninta ce. Akwai abin da sai babban asibiti: na'urar hoton ciki, ɗakin binciken nama da jini, cututtukan da ba a gani sai jefi-jefi, da horon tsayawa gaban manya ka bayyana mara lafiya a tsare, su yi maka kaca-kaca, gobe ka gyara. Ga maganar masauki, wadda ga ɗalibai mata ita ce farkon tambayar iyaye. Budurwar da ba ta da dangi a garin, ina za ta sauka? Sannan sashen da ƙungiyar waje take tallafawa yana da magani da kayan aikin da likitan gwamnati ba lalle ya tarar da su ba ranar da aka tura shi wani wurin shi kaɗai.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma duk maganinsu ɗaya: alƙalamin ya taso ya zo inda marasa lafiya suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi haka tun 2010 a shawarwarinta kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara: a ɗauki ƴan karkara a makarantun likita, a kai ɗalibai estaj karkara, a buɗe wa wanda ya zauna can hanyar ci gaba. Mali ta fara zaunar da matasan likitoci a ƙauyuka tun 1989. Nijar ma ta taɓa gwada abu mai kama da wannan, lokacin da ta fara ba likitocin gunduma horon shekara guda na fiɗa, don macen da haihuwa ta gagara a yi mata aiki kusa da gida. Da jami'a za ta riƙa turo malami ɗaya ya yi mako biyu a Magarya cikin damina, ya zagaya da ɗalibai, ya sa hannu a littafinsu. Da za a amince wa wasu likitocin gunduma su zama masu duba estaj da sunan jami'a, maganarsu ta shiga maki. Da an yi nisa. Kuɗin wannan bai kai na gina ɗaki ɗaya ba.

Amma in aka ce in zaɓi abu guda, zan zaɓi maki a konkur. A ce duk shekarar da likita ya yi a asibitin gunduma ko a ƙaramar likitar ƙauye, an tabbatar ya yi ta da gaske, tana da lada a lissafin shiga DES. Yau a idon matashin likita turawa daji kamar horo ne, abin da ke samun wanda ba shi da kowa. Yana can yana fama, tsaransa suna birni suna karatun konkur kusa da masu shirya shi. Ranar da zaman Dungas ya zama tsani, ba sai an yi wa kowa wa'azin kishin ƙasa ba, yara da kansu za su riƙa rige-rigen zuwa, kamar yadda ƴan Amurka suke cin bashi su je inda suka san ana rabon gaba. Na san masu cewa hakan zai sa a ɗauki mai ƙarancin ilmi a bar mai ƙoƙari. Sai su fara gaya mana da wane mudu aka auna ilmin wanda ya raya yara ɗari biyar aka ga bai cika ba.

Ɗan ƙanwata dai Magarya ya je, ba don na ce masa komai ba. Mahaifiyarsa ce ta ce kuɗin haya a birni babu, a Magarya kuwa akwai ɗakin ƙanin babansa. Ya yi mako shida. Da izinin babban likita ya sayi littafi mai shafi ɗari biyu, kullum da asuba kafin ya kwanta ya rubuta yaran da aka ƙara wa jini a daren: wata nawa, daga wane ƙauye, kwana nawa suka yi da zazzaɓi kafin a kawo su, ba tare da suna ba. Da ya gama ya ɗauki hoton shafi uku ya tura wa malamin nan ta WhatsApp, da dogon bayani da ban haƙuri. Kwana goma sha ɗaya shiru. Ranar sha biyu yana shirin komawa makaranta amsa ta shigo, gajeriya, da Faransanci, ya fassara mini: "In ka dawo, kawo mu gani." Ya naɗe littafin cikin leda biyu saboda ruwa, ya cusa shi ƙarƙashin farar rigar, muka raka shi tasha.